Sunan Chomba a Kan Sharar Asuba

Litinin, da safe

Akwati ya cika ya tumbatsa, kuma wai ni, Mabvuto Shawa, ni zan yi bayani.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in na haukace a san inda aka faro. Kowace kwamfuta ta kamfanin inshorar nan, daga na hedikwata a nan Lusaka har ta reshen Kasama da kaji ke kwana a kanta, tana ƙirga manhajojin da ke cikinta ta aiko wa uwar garke da rahoto. Uwar garke ita ce babbar na'urar da ke ɗakin sanyi a hawa na uku. Rahotannin suna sauka a wani akwati, ita kuma tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a rumbun bayanai. Aikin ke nan, ko jaki aka koya wa zai yi. To yanzu ɗauka take kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sababbi kuwa sai kwararowa suke. Ɗazu da na duba sun haura dubu tamanin.

Madam Hamoonga, shugabar sashenmu, ta kira ni ofishinta. Ko kujera ba ta nuna mini ba.

"Mista Shawa, ƙarshen wata masu binciken lasisi za su zo. Za su tambaye ni wace manhaja ce a kan wace kwamfuta. Me zan ba su?"

"Rahoto, Madam."

"Wane rahoton? Wanda ya tsaya tun watan jiya?"

Na ce ana kan aiki. Ta ce in akwatin bai koma fanko ba kafin Juma'ar ƙarshen wata, za ta sa hannu da wani kamfani na waje, su goge uwar garke su sake ta daga tushe, su ci gaba da kula da ita. Ba ta ce kai kuma ka kama gabanka ba. Ƙofa kawai ta kalla, na kuwa gane.

Matar nan ba ta san bambancin uwar garke da firji ba. Abin da ta sani shi ne dukansu suna da sanyi kuma suna gurnani.

Duk wannan kayan Chomba ne, abokin aikina. Shi ya gina na'urar, shi ya san inda take yoyo. Ɗan Bemba, malalaci, mai cin biri, ya tsallake ya bar ni da ita. Watan jiya muka binne shi. Abin da ya faru a hanyar Kapiri kuwa ba zan rubuta shi ba.

Litinin, da yamma

Na kashe ta na kunna. Ta tashi ta ci gaba da tsintar tsakuwarta.

Talata, tsakar rana

Na duba abin da duk mai hankali zai duba. Wuri bai cika ba. Na hana manhajar riga-kafi shinshinar akwatin, don wani lokaci ita ke riƙe fayil ta ƙi saki. Na tsame rahotannin da suka lalace na ware su gefe. Na nemi kwamfutoci masu amsa suna ɗaya, don yaran reshen Ndola sun saba kwafar kwamfuta ɗaya su zuba a goma, sai ka ga goma suna rantsuwa su mutum ɗaya ne. Na samu uku, na gyara. Akwati ko gezau.

Teburin Chomba yana nan yadda ya bar shi, kusa da nawa. Kofinsa da shayin da ya bushe a ciki, kwat ɗinsa a rataye a bayan kujera. Mutanen ofishin nan, masu digiri biyu-biyu, masu zuwa taro Johannesburg, in za su wuce sai su yi kwana kamar akwai rami a wajen. Ɗazu wata 'yar sashen kuɗi biro ɗinta ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujerar. Tsayawa ta yi tana kallonsa, daga baya ta je ta ɗauko wani. Kai, boko dai bai kashe tsoron fatalwa ba, taye kawai ya ɗaura masa.

Wai babu mai taɓa kayan sai iyalinsa sun zo, kuma in sun zo ni zan haɗa. "Ai kai ne mbuyansa," in ji su. To, ni ne, abokin wasansa ke nan. Mu mutanen Gabas, na wajen Chipata, da 'yan Bemba tun da kakanninmu suka gaji da sukar juna da mashi suka koma sukar juna da baki. Su masu cin biri, mu masu cin ɓera. In nasu ya mutu mu ke haƙa rami, mu ke dafa abinci, mu ke zagin gawar, kuma ba abin da ke kama mu.

Na kuwa yi aikina ranar. Na baɗe 'yan'uwansa da hoda fari fat, har kawunsa mai farin gemu. A bakin kabari na leƙa na ce, "Tashi, malalacin banza! Ranar Laraba tsakar rana kana kwance, wa ka bar wa aikin?" Mutane suka yi ta dariya, har matarsa sai da ta murmusa cikin hawaye. Kowa ya ce Shawa ya iya. Na iya mana.

Alhamis, da hantsi

Madam ta kawo mutumin kamfanin wajen ya "duba mana". Sunansa Mista Lubasi. Takalmi mai tsini, turare mai riga mai shi shiga ɗaki, da wata 'yar kwamfuta siririya da yake riƙewa kamar faranti. Ya tsaya a bayana yana kallon akwatin yana cewa "hmm", irin na likitan da bai san cutar ba.

"Babban yaya," ya ce mini, "me zai hana mu share su duka? Mu fara da fanko."

Na ce, "Ƙanena, rahotannin nan kowanne ɗan canji ne a kan na jiya. In ka share na tsakiya, uwar garke za ta ga giɓi, ta ce wa kowace kwamfuta ta sake aiko da komai daga farko. Za ka kori fara ka gayyato babe."

Ya yi murmushi ya dubi Madam. "Tsohon tunani ke nan. Akwai tsoro a ciki."

Madam ta gyaɗa kai kamar ta fahimci tsohon ko sabon. Ta ce a yi yadda Mista Lubasi ya ce. Dokin mai baki dai ya fi gudu. Na ce ta rubuto mini umarnin, ta rubuto, har da "na gode da haɗin kai" a ƙasa.

Juma'a, kafin tashi

An share. Akwati fanko. Madam ta tafa hannu, na rantse da Allah ta tafa. Ta saya wa Lubasi lemo.

Litinin, da safe

Dubu ɗari biyu da wani abu.

Kuma ba irin na da ba, ƙanana. Manya-manya, kowanne ɗauke da tarihin kwamfutarsa tun ranar da aka ciro ta daga kwali. Ƙari a kan haka jiya an ɗauke wuta a rabin ƙasar nan, da ta dawo duk rassa suka farka lokaci ɗaya suka yi ta amai a kanmu.

Na kira Madam ta gani da idonta. Ta kira Lubasi a waya ta sa a bainar jama'a. Ka san abin da ya ce? "E, ai dama mun yi tsammanin haka. Wannan ya tabbatar na'urar ce ta tsufa." Tirƙashi! Mutum ya cinna wa rumbu wuta, sannan ya ce wannan ya tabbatar dawa na ci da wuta. Ita kuma ta juyo ta dube ni, ni, kamar ni na haifi na'urar.

Da Chomba na nan da ya ce, "Ɓeran Chipata, kai ma ka tsaya aka yi wannan a gabanka?" Ni kuma in ce masa biri ya yi kama da mutum amma ba a ba shi uwar garke. Da mun yi ta yi har azahar, kuma a cikin zagin da mun gano matsalar. Haka muke aiki shekara da shekaru.

Ba kewarsa nake ba. Aikinsa da ya bari a hargitse nake magana a kai.

Laraba, da yamma

Matata Tiwonge ta ce na daina magana a gida. Na ce me zan ce, in ba ta labarin akwati? Ta ce, "Ba akwati nake nufi ba, baban Yamikani." Na ce ta miƙo mini gishiri.

Alhamis, bayan cin abinci

Na je rumfar matar nan ta kasuwa inda ni da Chomba muke cin nshima, tuwon masararmu. Tun watan jiya ban taka wajen ba. Tana ganina ta zubo malmala huɗu, kifi biyu, da miyar ifisashi mai yawa a gefe ɗaya don Chomba ne mai son ganye. Ta ce da zolayar da ta saba, "Ina mijin nawa? Ko yau ma yana baya yana waya?"

Ashe ba wanda ya gaya mata.

Na ce ya yi tafiya. Ta ce in gaya masa ta yi fushi. Na zauna na cinye duka, nawa da nasa, don ba zan bar wa ɗan Bemba abinci ya lalace ba. Cikina har yanzu ciwo yake.

Juma'a, da hantsi

Na gano.

Tunani na yi, in ɗauka ba ta da laifi, to wajen zubawa ne. Na shiga rumbun bayanai, na tarar da shi kamar ɗakin gwauro. Tsofaffin bayanai a jibge, jerin da ake bi a nemo abu duk ya wargaje, kowane rahoto in ya zo sai uwar garke ta birkice rumbun kaf kafin ta samu inda za ta ajiye shi. Dole ta yi nawa.

Amma ai akwai mai shara. Chomba ya taɓa gaya mini ya kafa wani aiki da ke tashi da kansa kullum da asuba, ya kwashe tsofaffin bayanai ya gyara jeri kafin mutane su zo. Sharar asuba yake ce masa. Na buɗe tarihin aikin. Ja, ja, ja, tun daga sama har ƙasa. Rabon da ya yi shara tun makon da ya biyo bayan jana'iza.

Kowane irin aikin nan yana da mai shi, sunan da yake tashi a ƙarƙashinsa. Ko ɗan koyo ya san ana sa masa asusu marar mutum ne, wanda ba ya murabus, ba ya tafiya hutu, ba ya bin hanyar Kapiri. Shi wannan mai cin birin sai ya rubuta sunansa, kamar wanda ya sayi fili. Mutanen ofishin ma'aikata kuma, waɗanda takardar hutu ke wata uku a teburinsu, a wannan karon suka yi zafin nama, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba suka rufe asusunsa. Abu ɗaya da suka taɓa yi a kan lokaci ke nan.

Saboda haka kullum da asuba aikin yana tashi, ya nemi mai shi, ya koma ya kwanta. Kuma kullum sai ya rubuta layi ɗaya:

"Aiki bai gudana ba. An nemi mai aikin, Chomba Mpundu, ba a same shi ba."

Gyaran bai kai a kira shi gyara ba. A cire sunan, a sa wani. Kafin shayi ya huce an gama.

Zan yi ranar Litinin. Ba a taɓa na'ura ranar Juma'a, kowa ya san wannan.

Asabar, da rana

Wawa. Wawan banza. Wa ya ce ka sa sunanka?

Litinin, da safe

"An nemi mai aikin, Chomba Mpundu, ba a same shi ba." Na Asabar, na Lahadi, na yau.

Ban yi ba. Ina so in ƙara tabbatarwa.

Litinin, da yamma

Ƙarya nake, babu abin da zan tabbatar.

Talata, tsakar rana

Madam ta tare ni a matakala. "Mista Shawa, Juma'ar nan ce fa. Akwai labari?"

"Ana kan bincike, Madam."

"Kullum ana kan bincike. Kai ɗan sanda ne?"

Ta wuce tana ƙwas-ƙwas. Na bi ta da kallo ina tunanin ranar jana'iza, yadda ta tsaya da baƙin gilashi ta karanta jawabin da sakatariyarta ta rubuta, ta ce Chomba ginshiƙi ne da ba za a taɓa mantawa da shi ba. Sau biyu ta kira shi Chanda.

Hotonsa da aka manna a allon sanarwa an cire, an sa takardar liyafar ƙarshen shekara, wai kowa ya zaɓi kaza ko kifi. A rukunin wayar ofis an gama zuba hotunan kyandir da hannuwan addu'a, an koma tallan turare da na kaji. Masu tsoron kujerarsa ma ba shi suke tunawa ba, kansu suke ji. Ba wanda ya ambaci sunansa a ginin nan tun da wata ya kama.

Sai na'ura. Ƙarfe da waya, abin da ba ya cin nshima, ba a taɓa ba shi aron kwat ranar biki ba. Ita kaɗai ke tashi kullum da asuba ta tambaya ina Chomba, kuma in ba ta gan shi ba ta ce ita fa ba za ta yi aiki ba. Duk ginin nan ita ce mai mutunci. Kuma wai ni zan je in rufe mata baki don Madam ta samu takardar da za ta miƙa wa masu lasisi.

Na sani sarai, in ban yi ba aikina ya tafi. Yamikani na aji na ƙarshe. Na sani. Ba sai an gaya mini ba.

Ina kewarsa. Shi ke nan, na rubuta. Ina kewar shegen.

Talata, kafin tashi

Lubasi ya dawo, kuma yau bai yi "hmm" ba. Ya ja kujera, ba ta Chomba ba, shi ma an gaya masa, ya zauna kusa da ni yana cin biskit.

"Babban yaya, na yi tunani a kan abin nan. Sharewar nan kuskurena ne, na yarda. Ina ganin ba akwatin ba ne, rumbun ne. Akwai ayyukan gyara da ke tashi da kansu?"

Na ce akwai wasu.

"Na taɓa ganin irin wannan a Kitwe. Wani ya bar aiki aka rufe asusunsa, komai ya tsaya. Wanda ya gina wannan ai shi ne wanda ya... yi haƙuri. Ka ba ni izinin shiga in leƙa."

Ashe akwai ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin turaren. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Na ce izini sai Madam ta sa hannu. Ya je, ta sa, ta ce in ba shi kalmar sirri jibi da safe.

To jibi zai buɗe ya gani. Zai ga layin, zai ga ranar da na buɗe tarihin na rufe ban yi komai ba. Sannan zai goge sunan da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da biskit. Mutumin da bai taɓa jin dariyar Chomba ba.

Laraba, da hantsi

Bana Mutale ta zo, matar Chomba, ita da ƙanenta, ɗaukar kaya. Cikin baƙaƙen kaya take, ta rame, amma bakin na nan. Tun daga ƙofa ta ɗaga murya.

"Ina ɓeran ofishin nan? A ɓoye gyaɗa, ga ni na zo!"

Masu digiri suka sunkuyar da kai kamar ta yi saɓo. Na miƙe na ce, "Bana Mutale, wa ya bar ƙofar gandun daji a buɗe? Sannu da zuwa. Ayaba ta ƙare, sai dai shayi."

Ta yi dariya ta kama hannuna da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

Na haɗa kayan a kwali. Kofi, kwat, caja uku da duk ba nasa ba, ɗaya ma nawa ne, da takalmin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Ƙanen ya ɗauka ya sauka da shi. Ita ta zauna a kujerar, daram, a gaban kowa. Na ji 'yar sashen kuɗi ta ja numfashi.

Ta ce sun dawo daga Kasama. Dangi sun zauna, an raba kayansa, an ba ɗan 'yar'uwarsa sunan, an ɗaura masa bel ɗinsa. "Yanzu akwai wani Chomba a gida, yaro mai kunnuwa kamar faranti. Shi kuma wancan ya huta."

Ban san abin da ya sa ba, sai na juyo da allon kwamfutata na nuna mata. Na yi mata bayani a taƙaice. Ta sa tabarau ta karanta layin, ta gangara ta karanta na ƙasansa, da na ƙasansa.

"Kullum?"

"Kullum da asuba."

"Ni ma haka," ta ce. "Hannu nake miƙawa."

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. Sai kuma ta ɗago ta harare ni.

"Amma kai, mbuya, ba ka da kunya. Mutum ya yi wa kamfanin nan bauta yana raye, ya mutu kuma ka bar ana buga masa ƙararrawa da asuba? Mutumin da ko ranar aurenmu sai da aka tashe shi da ruwa? Mu can mun sallame shi, ku nan kun riƙe shi a bakin aiki."

Na ce, "Ita kaɗai ke nemansa, Bana Mutale."

"Ita kaɗai? To ni mece ce, kujera? Kai kuma da ka zama kamar kazar da ruwa ya daka, wa kake nema?" Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Kai ka fara zuba masa ƙasa da shebur, ina kallo, hannunka bai yi rawa ba. Wannan ma naka ne. Kada ka bar wa baƙo. In ka bari wani can ya taɓa sunan mijina, na rantse har Chipata zan bi ka in kwashe muku ɓerayen gona kaf ku mutu da yunwa."

Na raka ta har bakin titi. Da za ta shiga mota ta ce Tiwonge ta kira ta jiya. Mata dai.

Laraba, da la'asar

Na shiga ɗakin sanyi na rufe ƙofa. Da zan iya yi daga teburina, amma ba a gaban waɗancan ba.

Na buɗe aikin. Ga sunan a ɗan akwatinsa. Na tsaya a gaban na'urar na yi abin da ya kamata a yi. Na ce, "Chomba, ɗan Mpundu, mai cin biri, jikan masu cin biri. Malalaci wanda bai taɓa rubuta bayanin aikinsa ko layi ɗaya ba. Ɓarawon caja. Ka gina abu ka ɗaure shi da sunanka kamar akuya, ka tafi ka bar mutane da wahala. An sallame ka. Tafi ka kwanta, dama abin da ka fi iyawa ke nan."

Ba wanda ya yi dariya. Fankoki kawai ke ta ƙugi.

Na goge harafi ɗaya-ɗaya, daga ƙarshe zuwa farko. Na rubuta abin da na rubuta, na danna. Ko tambayata ba ta yi ba ko na tabbata.

Na daɗe a ciki. Da na fito mai gadi ya ce idona ya yi ja, na ce sanyin ɗakin ne.

Alhamis, da rana

Shara ta gudana. Kore. Akwati na zubewa kamar an cire toshiyar kwata, kana kallo lamba na sauka.

Madam ta zo ta tsaya a bayana, ta kira mutane su gani, kamar ita ta yi. "To me ya hana tun tuni, Mista Shawa?"

Na ce, "Wani ɗan Bemba ne ya kwanta a hanya, Madam. Na kawar da shi."

Ta ce ba ta son irin wannan wasan a ofis, mutumin ya rasu, a girmama shi. Ita ke gaya mini.

Juma'a, da safe

Akwati fanko, na gaskiya wannan karon. Rahoto ya fita, Madam ta rungume shi ta yi sama. Maganar kamfanin waje ta mutu, ko ta kwanta, wa ya sani. Aikina dai na nan.

Na buɗe tarihin sharar asuba don in gani. Layi ɗaya, kore, aiki ya gudana. Yau da asuba ba wanda ya nemi Chomba a ginin nan.

Lubasi ya zo sallama. Ya miƙo hannu, na karɓa, yaron ba shi da laifi in ka cire takalmin. Ya ce, "Ashe abin da na zata ne. Amma babban yaya, ina fata asusu marar mutum ka sa masa? Don in sunan mutum ne, ranar da ba ya nan haka za a sake yi. Na'urar za ta yi ta nemansa, komai ya tsaya."

Na ce, "Haba ƙanena, kamar ni? Ka ɗauke ni ɗan koyo?"

Ya yi dariya ya tafi da turarensa.

Sunana na sa. Mabvuto Shawa, cikakke, har da babban baƙi. Wanda zai zo ya cire shi, Allah ya sa ɗan Bemba ne, kuma Allah ya sa ya iya zagi.